Yadda Ake Bin Sawun Tsofaffin Hotuna da Rubuce-rubucen Hannu na Wales

A garin Aberystwyth da ke bakin teku a yammacin Wales, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai wani katafaren gini a kan tudu, shi ne Laburaren Ƙasa na Wales. An kafa shi a 1907. A cikinsa ake ajiye hotuna kusan miliyan ɗaya, da dubban kundayen da aka rubuta da hannu, wasunsu sun haura shekara 700. An ɗauki hoton manyan taskokinsa shafi bayan shafi an sa a intanet kyauta, don haka ɗalibi ko ɗan jarida ko mai sha'awar tarihi yana iya yin aiki mai ma'ana da wayarsa da 'yar datarsa, ba sai ya nemi biza ba.

Sai dai samun hoto ba shi ne aikin ba. Hotunan Wales na dā sun cika Facebook da Pinterest, an yanke musu gefe, an ɗora musu shekarar da ba tasu ba, wani lokaci har da sunan garin da ba nasu ba. Kowane hoto na gaskiya da kowane kundi yana da gidan da yake zaune, yana da lambar da aka san shi da ita. Jagorar nan gaba ɗaya a kan haka take: ka gano gidan, ka riƙe lambar, sannan ka yi magana.

Mataki na 1: Ka taƙaita abin da kake nema

Kada ka shiga da niyyar "ganin tarihin Wales". Za ka ɓata yini ka fito hannu rabbana. Ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da wuri, ko mutum, ko shekara. Misali: ƙauyen Capel Celyn kafin ruwa ya cinye shi a 1965, ko dokokin sarki Hywel Dda, ko matuƙan jirgin ruwa Musulmi a unguwar Butetown ta Cardiff. Wannan jimlar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Mataki na 2: Ka san gidan da abin yake

Kayan tarihin Wales ba a wuri ɗaya suke ba, wasu mafiya daraja ma ba a Wales suke ba. Jan Littafin Hergest, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 14, mallakar Kwalejin Jesus ce ta Oxford tun 1701, kuma a laburaren Bodleian ake ajiye shi. Can za ka nemi hotunan shafukansa, a rumbun Digital Bodleian, da lamba Jesus College MS 111. Ɗaya daga cikin rubutu mafi tsufa da aka sani da harshen Welsh yana gefen shafin wani littafin Linjila ne da ke babban cocin Lichfield a Ingila. Littafin Aneirin kuwa na hukumar birnin Cardiff ne, shi ya sa lambarsa Cardiff MS 2.81, amma an ba Laburaren Ƙasa ajiyarsa a Aberystwyth.

Bayan Laburaren Ƙasa, akwai gidajen ajiya na yankuna: Glamorgan Archives a Cardiff, West Glamorgan a Swansea, Gwent a Ebbw Vale, Gwynedd a Caernarfon da Dolgellau. Idan batunka kwal ne da masu haƙarsa, ka nufi Jami'ar Swansea, inda tarin takardun ma'aikatan kwal na kudancin Wales yake. Idan batunka dukiyar da aka tara da gumin bayi ce, Jami'ar Bangor na riƙe da takardun gidan Penrhyn, iyalin da suka mallaki gonakin rake a Jamaika da kuma babbar mahaƙar dutse ta Bethesda. Hotunan gine-gine, tsofaffin ganuwoyi da waɗanda aka ɗauka daga sama suna rumbun Coflein. Rumbun People's Collection Wales kuma yana tattaro abubuwa daga gidajen tarihi da hannun jama'a. Yana da daɗin shiga, amma da yake kowa na iya saka nasa, bayanin da ke ƙarƙashin hoto ba kullum ake tace shi ba.

Idan ka rasa gane gidan, ka gwada Archives Hub ko rumbun Discovery na ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya. Ba lallai su nuna maka hoton ba, amma za su faɗa maka wanda ke riƙe da shi.

Mataki na 3: Sunaye, inda mafi yawan masu bincike ke tuntuɓe

A nan zan daɗe, domin wanda bai san wannan ba zai rubuta suna daidai, injin bincike ya ce babu, alhali abin yana nan.

Da farko, garuruwa da yawa suna da suna biyu. Cardiff ita ce Caerdydd, Swansea ita ce Abertawe, Newport ita ce Casnewydd, Holyhead ita ce Caergybi. Kowane bincike ka yi shi sau biyu, da sunan Turanci da na Welsh. Sannan rubutun sunan kansa ya sha canzawa. Jaridun ƙarni na 19 suna rubuta Carnarvon, yau kuwa Caernarfon ne. Llanelly ta koma Llanelli, Dolgelley ta koma Dolgellau, Conway ta koma Conwy. Idan kana neman abin da ya faru a 1880, tsohon rubutun ne zai fi ba ka sakamako.

Na biyu, a harshen Welsh harafin farko na kalma yana sauyawa gwargwadon abin da ya gabace shi. Caerdydd na iya fitowa a Gaerdydd ko Nghaerdydd. Bangor na zama Fangor ko Mangor. Cymru, wato Wales kanta, na zama Gymru ko Nghymru. Injin bincike bai san duk abu ɗaya ba ne, don haka kai za ka gwada kowace siga. Ƙamus ɗin Geiriadur Prifysgol Cymru yana intanet kyauta, kuma yana ɗauke da tsofaffin kalmomin da za ka ci karo da su a kundaye.

Na uku, sunayen mutane. Kafin sunan dangi ya kafu, mutumin Wales da sunan ubansa ake kiransa, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane ko wance 'yar wane: namiji ap ko ab, mace ferch ko verch. Daga baya ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price, ab Owen ya zama Bowen. Saboda haka uba da ɗa na iya fitowa a takarda ɗaya da sunayen ƙarshe daban-daban. Ga kuma ƙarancin sunaye: Jones, Davies, Williams da Evans sun mamaye ko'ina, a ƙauye ɗaya sai ka sami John Jones da yawa. Abin da ke raba su shi ne sunan gida ko gona, don haka duk inda ka ga sunan gona kusa da sunan mutum, ka rubuta shi. Mawaƙa kuma suna da laƙabi: Hedd Wyn, mawaƙin da aka kashe a yaƙi a 1917, sunansa na yanka Ellis Humphrey Evans. Rumbun Dictionary of Welsh Biography zai haɗa maka laƙabi da ainihin suna.

A ƙarshe, iyakokin gundumomi sun canza a 1974, suka sake canzawa a 1996. Tsofaffin takardu suna bin tsofaffin gundumomi 13 ne, irin su Merioneth, Cardiganshire da Montgomeryshire.

Mataki na 4: Ka koyi karanta lamba

Lambar kundi tana ba da labarin hannayen da ya bi. Ɗauki Peniarth MS 1. A ƙarni na 17 wani mai son littattafai, Robert Vaughan na gidan Hengwrt kusa da Dolgellau, ya tara kundaye mafiya daraja na ƙasar. Daga baya tarin ya koma gidan Peniarth ta hanyar gado. Likita Sir John Williams ya saye shi, ya ba sabon Laburaren Ƙasa, kundayen suka isa Aberystwyth a 1909. Shi ya sa har yau ake kiransu Peniarth, tsofaffin littattafan bincike kuma na iya ambaton su da lambar Hengwrt, wadda ta sha bamban. A 2010 an sa tarin a rajistar UNESCO ta Birtaniya ta muhimman takardun tarihi.

Lambobin da ya kamata ka fara sani kaɗan ne. Peniarth MS 1 shi ne Baƙin Littafin Carmarthen. Peniarth MS 2 shi ne Littafin Taliesin. Farin Littafin Rhydderch, na wajen 1350, an raba shi gida biyu: Peniarth MS 4 na ɗauke da tatsuniyoyin Mabinogi, Peniarth MS 5 kuma rubuce-rubucen addini. Wanda bai san an raba shi ba zai buɗe na 5 yana neman tatsuniya ya rasa. Peniarth MS 28 dokokin Hywel Dda ne da Latin, da zane-zanen sarki da ma'aikatan fadarsa da dabbobi. Abin da laburaren ya samu daga baya yana ɗaukar NLW MS, kamar NLW MS 24029A, kundin dokokin Hywel Dda da ya daɗe a Boston ta Amurka, aka sayo shi a gwanjo a 2012 kan fam 541,250.

Kundi ba da shafi ake ƙirga shi ba sau da yawa, da warƙa ake yi. Idan ka ga f. 12r, ana nufin warƙa ta 12 ta gaba, f. 12v kuma bayanta. Duk abin da za ka ambata, ka ba da lambar kundi da lambar warƙa tare.

Mataki na 5: Buɗe kundin, ka duba shi a tsanake

Ka shiga shafin library.wales, ka rubuta lambar ko sunan, ka buɗe madubin shafuka. Shawarata ka fara da Baƙin Littafin Carmarthen, wanda aka rubuta a wajen 1250, kuma shi ne kundi mafi tsufa da ya rage wanda aka rubuta gaba ɗaya da harshen Welsh. Ƙarami ne, warƙa 54 na fatar dabba, bai fi girman tafin hannu da yatsu ba sosai. Ko ba ka jin ko kalma ɗaya, akwai abin gani. A shafukan farko haruffan manya ne ɓaro-ɓaro, layukan da tazara. Kana ci gaba sai ka ga rubutun yana ƙanƙancewa, layukan suna matsewa. Masana sun ce hannun mutum ɗaya ne, ya yi shekaru yana ƙara waƙoƙi a littafinsa. Ka faɗaɗa hoton ka ga inda tawada ta yi kauri bayan an tsoma alƙalami, da inda ta fara dusashewa, da inda fatar ke da rami tun asali marubucin ya kewaye shi.

Sannan ka dubi gefen shafi. Wurin ya yi fes fiye da kima, domin wani da ya mallaki littafin a ƙarni na 16 ya kankare hashiyar da masu karatu na baya suka yi. A 2015 masu bincike biyu daga Jami'ar Cambridge, Myriah Williams da Farfesa Paul Russell, suka haska shafukan da wani haske na musamman, sai ga rubutun da aka goge ya bayyana, har da zanen fuskoki biyu. Hoton da ke wayarka ba zai nuna maka wannan ba, don haka kada ka ce shafi babu komai don kawai idonka bai gani ba.

Kafin ka yanke hukunci kan shekarar kundi ko wanda ya rubuta shi, ka karanta bayanin katalog har ƙarshe. Ka bambance abu uku: lokacin da aka tsara waƙa, lokacin da aka kwafe ta, da lokacin da aka ɗinke littafin. Waƙar Gododdin da ke Littafin Aneirin tana magana kan yaƙin da aka yi a wajen shekara ta 600, amma kundin na ƙarni na 13 ne. Wanda ya haɗa biyun ya ce ga littafin shekara 1,400, ya yi kuskure babba. Aikin da masana ke dogaro da shi a yau kan shekaru da hannayen marubuta shi ne na Daniel Huws, mujalladi uku, wanda ya fito a 2022.

Akwai kuma jabu. Edward Williams, wanda aka fi sani da Iolo Morganwg, ya rasu a 1826 ya bar tulin takardu da yanzu suke Aberystwyth. Mutum ne mai baiwa ƙwarai, amma ya ƙirƙiri waƙoƙi ya jingina su ga mawaƙan dā, har da Dafydd ap Gwilym, kuma an yi fiye da ƙarni guda ana ɗaukarsu da gaske. Kasancewar takarda a laburaren ƙasa yana tabbatar da cewa takardar ta wanzu ne, ba ya tabbatar da abin da ke cikinta.

Mataki na 6: Hotuna, da yadda ake yi musu tambaya

Hoton Wales mafi tsufa da aka sani shi ne na gidan Margam, wanda limamin coci Calvert Richard Jones ya ɗauka a kan farantin ƙarfe a watan Maris na 1841. Bayansa sai iyalin Dillwyn na kusa da Swansea. John Dillwyn Llewelyn ya auri wata 'yar dangin Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ƙanwar Llewelyn kuma, Mary Dillwyn, ta ɗauki hotunan yara da furanni da tsuntsaye a shekarun 1850, ciki har da na wani yaro yana murmushi a zamanin da kowa ke ɗaure fuska a gaban kyamara. Waɗannan hotunan masu hali ne, rayuwar manyan gidaje suke nunawa.

Talaka sai a wurin John Thomas, wanda aka haifa a 1838 ya rasu a 1905. Shagonsa yana Liverpool, amma ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan Wales da kaya niƙi-niƙi, domin a farkon aikinsa dole a shafa wa gilashi magani a nan take, a ɗauki hoton, a wanke shi kafin ya bushe. Ya ɗauki masu wa'azi, maƙera, masu dukancin takalma, mata masu saƙa, mabarata, ranar kasuwa. Wani masani kuma marubuci ɗan Wales, O. M. Edwards, ya sayi nagetif ɗinsa na gilashi fiye da 3,000, kuma su ne ke laburaren yau. Idan ka buɗe hoton titi nasa, ka faɗaɗa sosai. Za ka ga manya sun tsaya ƙyam, yaro ko kare kuwa ya zama hazo domin ya motsa. Ka karanta allon shaguna da takardun da aka manna a bango, sau da yawa su ne ke ba da shekara.

A nan ne ya kamata ka yi hattara da hotunan mata masu doguwar baƙar hula. Su ne suka fi yawo a intanet a matsayin kayan matan Wales na yau da kullum. Gaskiyar ita ce a ƙarshen ƙarni na 19 shigar ta riga ta fara fita daga amfanin yau da gobe, kuma hotuna da yawa shirya su aka yi don sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido. Ka dubi bayan matar: idan labule ne mai zane, ko ka ga kujera ɗaya da injin kaɗi ɗaya suna maimaituwa a hotuna daban-daban, to a gaban mai hoto aka tsara zaman. Katin gidan waya kuma yana da alama mai sauƙi: idan an raba bayansa biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, bai riga 1902 ba, domin a shekarar ce aka fara yarda da hakan a Birtaniya. Amma hoton da ke gabansa na iya girme wa katin da shekaru.

Ƙarni na 20 kuwa na Geoff Charles ne, ɗan jaridar da ya yi wa jaridar Y Cymro aiki, ya bar wa laburaren nagetif kusan 120,000. A ganina tarinsa ya fi kowanne amfani ga mai farawa, domin hotunan jarida ne, yawancinsu suna da rana da wuri. Shi ya ɗauki mutanen Capel Celyn, ƙauyen masu jin Welsh a kwarin Tryweryn wanda Majalisar Dokokin Birtaniya ta amince a 1957 a nutsar da shi don bai wa Liverpool ruwan sha, duk da cewa babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi bayan dokar. Ka nemi Capel Celyn, ka sake neman Tryweryn, ka jera hotunan bisa shekara. Za ka ga 'yan makaranta a kwanakinsu na ƙarshe, da iyalai suna kwashe kaya, da kwarin kafin ruwa. Hukumar birnin Liverpool ta nemi afuwa a 2005.

Mataki na 7: Ka nemi shaida ta biyu

Hoto ɗaya ba ya isa hujja. Rumbun Welsh Newspapers Online yana da jaridu daga 1804 zuwa 1919, labarai kusan miliyan 15, da Turanci da Welsh. Kwamfuta ce ta karanta tsofaffin shafukan, tana yawan kuskure, don haka kada ka kwafi rubutun gefe. Ka buɗe hoton jaridar ka karanta da idonka. Mai neman labarin matuƙan jirgi 'yan Yemen da Somaliya da Afirka ta Yamma a Butetown zai sami rahotannin tarzomar da aka yi musu a watan Yuni na 1919. Ka shirya wa kalaman wariya masu ɗaci a ciki, ka kuma tuna cewa ba waɗanda aka kai wa harin ne suka rubuta rahotannin ba.

Don gano wuri, rumbun Places of Wales yana ɗora taswirorin zakkar coci na wajen 1840 a kan taswirar yau, da sunan kowace gona da mai ita da mai noma ta. Wasiyyoyin da aka tabbatar a kotunan coci na Wales kafin 1858 ma suna nan kyauta.

Mataki na 8: Ajiya da haƙƙin mallaka

Kafin ka sauke hoto, ka kwafi abu biyar a wuri ɗaya: sunan gidan ajiya, lamba, sunan mai ɗauka ko marubuci, shekara yadda katalog ya rubuta ta, da adireshin dindindin na shafin. Ka sa lambar a sunan fayil ɗin. Idan katalog ya sa c. kafin shekara, ma'anarsa wajen shekarar ne, kada ka cire shi ka mai da zato tabbas.

Hotunan John Thomas sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, kuma laburaren ya saki dubban hotuna a Wikimedia Commons da Flickr. Geoff Charles kuwa a 2002 ya rasu, don haka ka karanta sharaɗin da ke jikin kowane hoto nasa kafin ka buga. A dokar Birtaniya wasu rubuce-rubucen da ba a taɓa wallafawa ba suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka har ƙarshen 2039, ko da marubucin ya mutu tun ƙarnuka. Idan littafi za ka buga ko fim za ka yi, ka nemi izini a rubuce.

Mataki na 9: Idan abin ba ya intanet

Mafi yawan abin da ke cikin ɗakunan ajiya ba a ɗauki hotonsa ba tukuna. Ka aika wa sashen amsa tambayoyi imel gajere: ga ni, ga lambar abin, ga warƙar da nake so, ga abin da zan yi da ita. Suna amsawa da Turanci ko Welsh, kuma ana iya biya a ɗaukar maka hoton shafi.

Idan kuma Allah ya kai ka Birtaniya, jirgin ƙasa na tashi daga Birmingham ya bi ta Shrewsbury zuwa Aberystwyth, tafiyar kamar awa uku. Ka yi rajistar katin mai karatu, kyauta ne, ka riƙe shaidar kanka da ta adireshinka, ka kuma nemi kayan da kake so tun kafin ka iso domin ba nan take ake fito da su ba. Fensir kaɗai ake shiga da shi, biro da jaka a bar su a akwatin ajiya. Kundi a kan matashin soso ake ɗora shi, ba a danne shi ya buɗe sosai. Fata da takarda da hannu mai tsabta ake taɓa su, hoto kuwa za a iya ba ka safar hannu. Manyan taskoki irin Peniarth MS 1 ba a cika fito da ainihinsu ba sai da dalili mai ƙarfi, don haka idan aikinka na buƙatar ganin fatar kanta, ka rubuta musu dalilin makonni kafin ka sayi tikiti.